Dajin Bakin Teku Da Amfaninsa

A inda Kogin Kwara ya rarrabu ya faɗa teku akwai wani irin daji wanda Turawa ke kira mangurof. Itatuwansa suna tsiro cikin taɓo da ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye bisa ruwa kamar ƙafafu. Duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansa.

Amfaninsa babba ne. Saiwoyin nan su ke riƙe ƙasa kada igiyar ruwa ta zaizaye ta. Cikinsu kuma kifi da ƙaguwa da jatan lande ke hayayyafa. In dajin ya mutu, masunta sun rasa abinci, ruwa kuwa ya ci garuruwa.

Abu uku ke kashe shi. Na fari, saran itace don bandar kifi da gini. Na biyu, wani irin kwakwa mai suna nipa da aka kawo Kalaba a 1906, ya yaɗu ya danne itatuwan asali. Na uku, malalar man fetur. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Aka ƙaddamar da aikin a 2016.

Dashensa ba wuya. 'Ya'yan itacen suna tsiro tun suna bisa uwarsu. Sai a tsinko su, a kafa cikin taɓo sa'ad da ruwa ya janye. Amma sai an kwashe mai tukuna, an kuma hana sara. Rigakafi dai ya fi magani.