Inda Baƙin Mai Ke Ɗiga Ba Nan Ne Ya Fito Ba

A garejin kanikawa ba a rasa mai motar da ya kawo kukan cewa motarsa na zubar da baƙin mai. Sau da yawa bakanike yakan leƙa ƙarƙashi, ya ga tukunyar mai jiƙe sharkaf, ya yanke hukunci nan take: gaskit ɗin ƙasa ne. A kwance, a sauya, a biya. Bayan mako guda tabon ya dawo a inda ake ajiye motar. Ba lallai ne bakaniken ya yi ha'inci ba. Kuskurensa shi ne ya ɗauki inda man ya ƙare a matsayin inda ya taso.

Kowa ya san rufin kwano da damina: inda ruwa ke ɗiga a tsakar ɗaki ba nan hujin yake ba, ruwan ya bi katako ne ya gangaro. Haka mai yake a jikin inji. Nauyinsa na jan sa ƙasa, iskar tafiya kuma na kora shi baya. Man da ya tsiyayo daga murfin saman inji zai bi gefe, ya ratsa ta bayan, ya taru a gindin tukunya ko a mahaɗar inji da giya. Saboda haka ƙa'idar masu sanin aikin ita ce a nemi wuri mafi sama kuma mafi gaba da ke da danshin sabon mai. Can ne mafari.

Kafin nan, a tabbatar baƙin mai ne. A shimfiɗa kwali mai haske a ƙarƙashin mota ta kwana. Man inji yakan kasance ruwan zuma idan sabo ne, baƙi idan ya yi aiki. Man giya mai canza kanta galibi ja-ja ne. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda, kuma bai kai mai kauri ba. Man birki fari-fari ne mai ɗan rawaya, shi kam ba a wasa da shi ko ɗigo ɗaya. Tsabtataccen ruwa da ke ɗiga bayan an kunna na'urar sanyaya mota ba ciwo ba ne.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, wato wanki. A ƙasarmu ta ƙura, ɗan mai kaɗan kan haɗu da turɓaya ya zama baƙin dauɗa mai kauri da ya rufe komai, ba a gane tsohon tabo da sabo. A bar inji ya huce, a rufe na'urar cajin batir da mahaɗan wayoyi, a wanke da maganin cire maiƙo, a bari ya bushe. Kada a watsa fetur a inji mai zafi. Sannan a tayar da motar, a ɗan zaga na minti goma zuwa goma sha biyar, a dawo a duba da tocila daga sama zuwa ƙasa. Idan yoyon siriri ne, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, man zai zana hanyarsa a kanta baro-baro. A garejin da ya ci gaba, akan zuba wani rini na musamman a cikin man, wanda ke ƙyalli idan aka haska shi da fitila mai shuɗin haske. Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota kuma, kada ya dogara da jak kaɗai.

Lokacin da man ke fita ma shaida ne. Yoyon da ke bayyana sai inji na aiki yana nuna wurin da famfo ke tura mai da ƙarfi: filta, ko ɗan makunnin da ke kunna fitilar mai, ko bututun mai. Wanda ke ɗiga ko da mota ta kwana biyu a ajiye kuwa, a duba notin juye da jikin tukunyar, musamman idan an taɓa buga ta a dutse ko tudun rage gudu.

A fara da masu sauƙi. Idan yoyon ya soma bayan juye, ƙila filta ba ta ɗauru ba, ko robar tsohuwar filta ta manne aka ɗora sabuwa a kanta, ko an mayar da tsohon zoben da ke ƙarƙashin notin juye wanda ya kamata a sauya. Sai gaskit ɗin murfin sama. Roba ce, zafin inji da shekaru suna busar da ita har ta tsage, kuma yawancin motocin da ke shigo mana sun riga sun sha hanya a Turai ko Amurka. Alamarta ƙaurin mai idan ya sauka a kan bututun hayaƙi, ko a tarar da mai a ramin fulogi. Daga nan sai sil ɗin gaba, wanda man da ke fita daga gare shi kan lalata bel ɗin taimin. Na ƙarshe kuma mafi tsada shi ne sil ɗin bayan karanshaf, domin sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Shi ne aka fi ɗora wa laifin da ba nasa ba, tunda duk man da ya gangaro ta baya a gindinsa yake taruwa.

Akwai kuma abin da ke sa gaskit sabo fil ya sake yoyo. Yawancin injuna suna da ɗan bawul da ke fitar da iskar da ta kuɓuce wa ringi ta shiga ɗakin mai. Idan ya toshe, iskar za ta matsa wa kowane sil har sai mai ya fito. Bawul ɗin ƙarami ne, ba shi da tsada, amma ba kasafai ake tuna shi ba. Cika mai fiye da kima ma haka yake yi. Yawancin ƙananan motoci lita 4 zuwa 5 suke ci, kuma tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin sandar awo kusan lita ɗaya ce. Ƙarin da ya wuce alamar sama ba gata ba ne.

Wani lokaci kuma mai na raguwa, ƙasa a bushe. To injin ne ke ƙona shi, alamarsa shuɗin hayaƙi a salansa. An san wasu Camry na 2007 zuwa 2009 masu inji lita 2.4 da wannan hali, kuma matsalar daga fistin da ringi take, ba daga gaskit ba. Idan kuma man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne ya haɗu da shi, wannan babban aiki ne daban.

Dabaru biyu sun zama ruwan dare, kuma duka biyun ɓoye ciwo suke yi. Na farko, zuba mai mai kauri sosai a injin da aka ƙera don mara kauri. Yoyon na iya raguwa, amma man ba ya saurin kaiwa ƙananan hanyoyi da safe. Na biyu, lafta gam a kowace mahaɗa. Abin da ya yi rara yakan gutsure ya faɗa cikin tukunya, ya toshe rariyar famfon mai, a wayi gari inji ya buga.

Don haka, mai mota, idan aka ce a sauke giya ko a buɗe inji, ka ce a wanke tukuna, a tayar, a nuna maka da idonka inda sabon mai ke fitowa. Kafin a gyara, ka riƙa duba sandar awo kowace safiya a wuri mai daidai. Idan kuwa jar fitilar mai ta kama kana tafe, ka faka ka kashe nan take, domin kuɗin jan mota bai kai kuɗin sabon inji ba.