Gane Abincin Jemage Ta Kashinsa

Jemage mai cin ƙwari da dare yake farauta, a cikin iska, saboda haka da wuya mutum ya ga abin da ya kama. Shi ya sa masana suka koma ga kashinsa. (Ɗalibi ya lura: kashi muke nufi, ba ƙashi ba. Lanƙwasar harafin ce ta raba su.)

A da, sai a jiƙa kashin, a duba shi da madubi mai ƙara girman abu, a nemi guntun fiffike ko ƙafa. Wannan hanya tana da aibi. Ƙwaro mai taurin jiki, irin buzuzu, yakan bar alama, amma mai laushi kamar faɗa-wuta yakan narke, da wuya a gane irinsa.

A shekarar 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya nuna cewa ɗan yanki guda na sinadarin gado, wato DNA, ya isa a bambanta irin dabba da wani. Ko an tauna ƙwaro an haɗiye, ɓurɓushin sinadarin yakan fito a kashi. Da wannan dabara Elizabeth Clare da abokan aikinta suka gano ƙwari iri 127 a abincin jan jemage na Kanada a 2009, yawancinsu faɗa-wuta.

Sai dai gwajin yana faɗin irin ƙwaron da aka ci ne, ba ya ƙidaya nawa aka ci. Kuma ƙwarin Afirka da yawa ba a shigar da su rumbun da ake kwatantawa da shi ba tukuna, don haka sau da yawa sakamakon yakan tsaya a kan dangin ƙwaron kawai.