Musaya ko sayarwa da kanka: Wace hanya ta fi wa mai tsohuwar mota?

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da kuma sakin Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin wannan shekarar, lissafin mallakar mota ya sauya a Najeriya.

Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan Naira 460 ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen shekarar.

Abubuwa biyu suka biyo baya. Motocin da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, sun yi tsadar da ta fi ƙarfin ma'aikaci. Su kuma motocin hannu, waɗanda aka riga aka hau a cikin gida, sai darajarsu ta ɗaga, har wasu suka sayar da motarsu fiye da yadda suka saye ta shekarun baya.

A lokaci guda, masu manyan motoci masu shan mai suka shiga neman ƙanana. Duk wanda ya yanke shawarar sauya mota kuwa, tambaya ɗaya ce ke gabansa: ya kai tsohuwar wurin dillali a yi musaya ya cika kuɗi, ko ya nemi mai saye da kansa?

Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu kan kai albashin watanni da yawa.

Yadda musaya ke gudana

A wuraren sayar da motoci na Kano da Kaduna da Abuja, tsarin kusan ɗaya ne. Mai mota zai je da tasa, ya nuna wadda yake so. Dillali zai kira bakanikensa ya tayar da injin, ya saurari giya, ya duba ƙafafu da lagireto da na'urar sanyaya, ya shafa jiki don gano inda aka taɓa yin fenti.

Yanzu kuma ana leƙa ƙarƙashin mota a tabbatar ba a cire abin nan na cikin salansa da bakanikai ke kira indomi ba, saboda tsadarsa.

Daga nan sai a yi wa tsohuwar kuɗi, a yi wa sabuwar kuɗi, a cire wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne ciko. Idan aka daidaita, mutum ya zo da mota da safe, ya koma gida da wata kafin la'asar.

Saurin nan shi ne babban abin da ke jan mutane. Babu talla, babu kiran waya tsakar dare, babu kwana ɗaya da yara za su tafi makaranta a adaidaita sahu.

Sai dai saurin ba kyauta ba ne. Dillali ɗan kasuwa ne, kuma motar da ya karɓa sayar da ita zai yi. Kafin ya taya, ya riga ya cire kuɗin gyara da fenti da wanki, da kuɗin fili da na mai gadi, da ladan 'yan kayi-nayi da za su kawo mai saye, da ribarsa. Ya kuma cire wani abu saboda tsoron matsalar da ba ta bayyana ba tukuna, da makonnin da jarinsa zai kwanta.

Shi ya sa tayin dillali kusan kullum yake ƙasa da abin da mai saye don hawa zai biya.

Inda kuɗi ke ɓacewa

A musaya ciniki biyu ake yi a lokaci guda, amma hankalin mai mota kan tafi ga lamba ɗaya kawai, wato ciko. A nan ne ake yi wa mutane da yawa wayo.

Dillali na iya yi wa tsohuwar mota kuɗi mai daɗin ji, sannan ya ƙi rage ko sisi a farashin sabuwar, alhali da tsabar kuɗi aka zo da ya sassauta.

Ga misali don a fahimta. A ɗauka mutum na da Corolla da za ta yi Naira miliyan 7 a hannun mai hawa. Dillali ya taya miliyan 6, ya sa wa motar da ake so miliyan 11. Ciko ya zama miliyan 5.

Da mai motar ya sayar da kansa a miliyan 7, ya kashe Naira 300,000 a ƙananan gyare-gyare da la'ada, zai rage da miliyan 6.7. Da ya koma da kuɗi a hannu ya yi ciniki har aka sallama masa sabuwar a miliyan 10.5, abin da zai fito daga aljihunsa miliyan 3.8 ne. Bambanci ya kai miliyan 1.2.

Amma lissafin na iya juyawa. Idan tsohuwar ta yi wata biyu ba ta sayu ba, a tsakani farashin wadda ake so ya ƙaru da Naira 500,000, ko kuma ta sayu da wuri mutum ya zauna yana kashe kuɗin haya yana neman wata, sai ratar ta tsuke. A shekarun 2023 da 2024, lokacin da Dala ke tashi kusan kowane mako, riƙe Naira a hannu ana neman mota haɗari ne a karan kansa.

Dabarar da ta fi amfani ita ce raba cinikin gida biyu. A fara tsayar da farashin motar da ake so kamar da kuɗi za a saya. Sai an gama wannan sannan a kawo maganar tsohuwar. Yana da kyau kuma a kai ta wurin dillalai biyu ko uku a ji tayinsu kafin a zauna da kowa.

Masu karanta shawarwari a intanet su lura cewa yawancinsu don Amurka aka rubuta, inda jihohi da dama ke karɓar harajin saye a kan cikon kaɗai, abin da ke ba musaya ƙarin armashi. Mai mota a Kano ko Zariya ba shi da wannan rangwame a lissafinsa.

Sayarwa da kai: riba da ɗawainiya

A da, wanda zai sayar da motarsa takarda yake mannawa a gilashi, ko ya faɗa wa bakanikensa da abokan majalisa. Wayar hannu ta faɗaɗa kasuwar. Yanzu ana sa hotuna a WhatsApp da Facebook, ko a dandalin Jiji, wanda ya sayi harkokin OLX a Najeriya a 2019, sannan ya sayi Cars45 a 2021.

Amfanin a fili yake: ribar da dillali zai ci ta zauna a aljihun mai mota. Mai saye don hawa kuma yakan daraja abubuwan da dillali ba ya sa wa kuɗi, kamar sabbin tayoyi da batir, da sanin cewa mutum ɗaya ne ya hau motar tun da ta shigo ƙasa.

Wahalar ita ce lokaci. Masu kira da yawa 'yan kayi-nayi ne da ke son ɗaukar hoton motar su ɗora nasu. Wasu za su zo da bakanike su kushe komai, su taya rabin kuɗi. Wanda ba ya iya cewa albarka ya tsaya a kai, zai iya sallamawa a farashin da bai fi na dillali ba.

Sai kuma batun tsaro. Alat na bogi ya zama ruwan dare a harkar saye da sayarwa. Saƙon waya ko hoton rasit ba shaida ba ne. Mai sayarwa ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun zauna, ko su je banki tare, kafin ya miƙa makulli da takardu.

Gwajin mota ma wata ƙofa ce. Kada a bar baƙo ya ja mota shi kaɗai, kada a haɗu a lungu ko bayan magariba, kada kuma a ba da takardu na asali don a je a duba. Kwafi ya isa har sai ciniki ya faɗa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da Naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta hanyar banki. A farashin yau, motocin hannu da yawa sun wuce wannan iyaka. Tura kuɗi ta banki yana kuma barin shaidar da za ta yi amfani idan rigima ta taso.

Hanya ta tsakiya

Akwai masu kai mota su ajiye a filin dillali, ya sayar musu ya ɗauki la'ada. Wannan na rage wa mutum ɗawainiya, kuma farashin kan fi na musaya.

Matsalar ita ce idan ba a rubuta komai ba. Dillali na iya ɗora kuɗi mai yawa a sama, motar ta yi watanni rana na dukanta. Ana iya hawanta ba da izini ba, ko a sayar a juya kuɗin kafin a sanar da mai ita.

Kafin a bar mota a fili, a rubuta farashi mafi ƙanƙanta da aka amince, da adadin la'ada da wanda zai biya, da wa'adi, da abin da mita ke nunawa a ranar. A ɗauki hoton motar ciki da waje. Takardun asali su zauna a hannun mai ita.

Takardu ne rabin kuɗin mota

Ko musaya ko sayarwa, abin da mai saye ke fara tambaya shi ne takardar kwastam. Dalili kuwa shi ne tarihi. Shekaru da yawa motocin Arewa ta tashar Kwatano suke sauka, su biyo ta Jamhuriyar Nijar su shigo. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, kuma a 2019 jami'an kwastam suka rufe wuraren sayar da motoci a sassan ƙasar nan suna binciken haraji.

Motar da ba a biya mata haraji ba, ko aka biya ƙasa da ƙima, ana iya kama ta a hanya ko da hannu nawa ta wuce. Dillalai sun san haka, don haka suna karya farashinta sosai, wasu ma ba sa karɓa.

Bayan ta kwastam, ana buƙatar takardar shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta jami'an VIO, da inshora. Tun Janairun 2023, inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000. Lambar shasi da ke jikin mota dole ta dace da ta takarda.

Babban kuskuren masu sayarwa shi ne barin mota ta tafi da sunansu. Idan aka yi haɗari da ita aka gudu, ko aka aikata laifi, sunan da ke rajista shi 'yan sanda za su fara nema.

A musaya abin ya fi haɗari, domin dillali ba kasafai yake mayar da mota sunansa ba, yana jiran mai saye. Motar na iya wucewa hannu uku da sunan mai ita na farko.

Maganin shi ne takardar yarjejeniya mai ɗauke da kwanan wata da lokaci, da lambar mota da ta shasi da ta injin, da sunaye da sa hannun shaidu, da kwafin katin shaidar wanda ya karɓa. Kowa ya riƙe kwafinsa. Sannan a bibiyi sauya sunan a ofishin lasisin motoci na jiha har a ga an kammala.

Mai musaya ya tuna cewa shi ma mai saye ne. Duk binciken da dillali ya yi wa tsohuwar motarsa, shi ma ya zo da bakanikensa ya yi wa wadda zai karɓa, har da sa ta a kwamfuta.

Wace mota, wace hanya?

Motocin da kasuwa ke nema, irin su Corolla da Civic da Vibe da Golf da Sharon, waɗanda ba sa shan mai sosai kuma ana samun kayan gyaransu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ba sa daɗewa a hannu. Mai irin wannan, idan takardunsa sun cika kuma ba ya cikin matsi, asara ce ya ba dillali a farashin musaya.

Babbar mota mai silinda shida ko takwas, ko wadda kayan gyaranta sai an aiko daga Ladipo a Legas, ko wadda injinta ya fara hayaƙi, masu neman ta kaɗan ne. A nan musaya na iya zama mafita, domin dillali na da bakanike da masu saye da mai mota ba zai iya kaiwa gare su ba.

Haka ma ma'aikacin da ba ya iya barin ofis don nuna mota, da matar da ba ta son baƙi su san gidanta, da direban haya da kwana ɗaya ba mota ke nufin ba cefane. Ga irin waɗannan, abin da dillali ya ci kuɗin sauƙi ne, muddin sun san adadinsa kafin su amince.

Abu na ƙarshe shi ne faɗin gaskiya. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai idan an nuna masa rariya ce. A fiƙihun Musulunci mai saye na da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wanda ya sayar wa maƙwabci ko abokin aiki motar da giyarta ke shirin mutuwa bai faɗa ba, zai iya tsintar kansa gaban mai unguwa ko alƙali. Rubuta matsalolin motar a cikin takardar yarjejeniya na iya rage farashi kaɗan, amma yana rufe wannan ƙofar.