Gizo-gizo, Tautau da Ƙaton Danginsu Mai Gashi

Gizo-gizo halitta ce mai ƙafa takwas, jikinsa kuma kashi biyu ne: gaba inda kai da ƙirji suka haɗe, da baya inda tumbi yake. A nan ya rabu da fara da ƙuda da tururuwa, masu ƙafa shida da jiki kashi uku. Ba shi da fiffike. Danginsa na kusa su ne kunama da kaska. A shekarar 2022 ire-irensa da masana suka rubuta suka kai 50,000, kuma har yanzu ana gano sababbi. Kusan dukkansu suna da dafi, sai dai dafin na kama ƙwari ne, 'yan kaɗan ne cikinsu ke iya kwantar da mutum.

Zaren saƙarsa daga ƙarshen tumbi yake fitowa. Ruwa ne a cikin jiki, sai ya daskare yayin da ake jan sa, kuma in aka auna nauyi da nauyi, zaren wasu irin yana gogayya da ƙarfe wajen juriya. Amma gidan da ake yi da shi ba ya tare ruwa, ba ya tare rana, tsintsiya ɗaya ta ishe shi. Da wannan rauni ne Alƙur'ani ya buga misali a Suratul Ankabut, sura ta 29, ga masu dogara da wanin Allah. Akwai kuma labarin da ya shahara a bakin malamai, cewa gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon Saur lokacin Hijira har masu bin sawu suka juya. Saboda wannan labari, tsofaffi da yawa ba sa son ganin yaro ya kashe shi a banza.

A Birnin Tudu da sauran garuruwan Zamfara da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, gizo-gizo ma'aikaci ne da ba a biyan sa. Wanda ya shiga gonar shinkafa da sassafe a ƙasar Bakura ko Talata Mafara zai ga yana a shimfiɗe tsakanin ganye, raɓa ta bayyana ta. Kowace ɗaya tarko ce ga ƙwarin da ke tsotse shuka. Wasu irin ma ba sa saƙa, farauta suke yi da ƙafa a gindin shinkafa da kan ruwa. Manomin da ke yawan feshi ba bisa ƙa'ida ba yana kashe su tare da ƙwarin, ƙwarin kuwa sun fi su saurin hayayyafa, sai ɓarna ta dawo ba mai tare ta. A cikin gida, shi ke rage sauro da ƙuda a kusurwar ɗaki da bakin rumbu. Yana da nasa maƙiyan: tsaka, ƙadangare, kaji, da zanzaro. Duk wanda ya fasa ɗakin laka da wani irin zanzaro ke maƙalawa a bango zai tarar da ƙananan gizo-gizo a cushe, a sume ba a mace ba. Uwar ce ta harbe su ta ajiye, domin tsutsarta ta ƙyanƙyashe a kan abinci mai rai.

A tatsuniya kuwa, Gizo ne sarkin wayo, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki da haɗama. Ya yaudari zaki, ya yi wa kura zamba, ya haɗa giwa da dorina jan igiya kowace tana zaton da shi take ja. Sau da yawa kwaɗayinsa ke kai shi ya baro shi, kamar ranar da hankaki suka ara masa gashinsu ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya nuna zari, suka tuge kayansu suka bar shi a kan bishiya. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan labarai cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya kai su aji cikin Tatsuniyoyi da Wasanni. Mutanen Akan na Gana suna da nasu, Anansi, wanda bayi suka ƙetare teku da labarinsa har Jamaika. Yaron da ya tashi da waɗannan labarai yana kallon gizo a matsayin abin dariya, ba abin tsoro ba.

Tsoron an tara shi ne a kan tautau, mai dogayen ƙafafu da ke bin bango da dare. An yarda cewa in ya bi jikin mutum, ko ya faɗa cikin abinci, ƙuraje masu ruwa za su feso a leɓe ko wuya ko haƙarƙari. Ƙurajen gaskiya ne, amma yawancinsu ba aikin gizo-gizo ba ne. Waɗanda ke jeruwa a gefe ɗaya na jiki da raɗaɗi, ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun ƙuruciya ta farka. Na bakin leɓe bayan zazzaɓi, wata ƙwayar ce 'yar'uwarta. Ƙunar da ke tashi kamar an ɗiga ruwan zafi da damina, sau da yawa hangara ce aka murje a fata. An ɗora wa tautau laifin ne domin shi ake gani a bango da safe.

Ƙaton dangin, wanda Turawa ke kira tarantula, yana da iri fiye da 1,000 a ƙasashe masu zafi. Mafi nauyinsu yana dazuzzukan arewacin Amurka ta Kudu, irin su Benezuwela da Gayana. In ya baje ƙafafu yakan kusa santimita 30, faɗin farantin tuwo ke nan. Afirka tana da nata. A Togo da Gana akwai mai toka-toka da zane a baya wanda ke zama a kogon bishiya, akwai kuma wani mai gashin ƙafa da ke ɓuya a hammatar kwakwar manja a kurmin Afirka ta Yamma, wanda masu hawan kwakwa suka san cizonsa. A Kamaru akwai masu haƙa rami.

Ba ya kafa tarkon yana. Da zarensa yake shafe bangon raminsa, ya zauna a bakin ƙofa da dare yana jira. Idanunsa takwas ne amma ganinsa kaɗan ne. Da gashin ƙafafu yake jin motsin ƙasa da na iska. In gyare ko kyankyaso ya gifta, sai ya daka tsalle ya kafa masa fiƙoƙi biyu da ke sara ƙasa, ya zuba ruwan da ke narkar da nama, ya tsotse. Yana iya yin watanni bai ci komai ba. In zai yi saɓa sai ya kwanta rigingine ya sandare, har mai kiwon da bai sani ba ya ɗauka ya mutu. Taɓa shi a wannan hali kan kashe shi. Ƙafar da ta guntule tana tsirowa a saɓa ta gaba. Macen wasu irin takan kai shekara 20 zuwa 30, namiji kuwa ba ya daɗewa bayan ya balaga.

Makamansa biyu ne, kuma sun rabu bisa nahiya. Yawancin na ƙasashen Amurka dafinsu mai sauƙi ne, cizonsu bai cika wuce zafi da kumburi na 'yan sa'o'i ba. Abin tsoronsu gashin tumbi ne. In an takura musu sai su karce shi da ƙafar baya, ya tashi a iska, kowane sili da ƙananan ƙayoyi masu hana shi fita in ya shiga. A fata ƙaiƙayi ne na kwanaki. A hanci da maƙogwaro atishawa ce da tari, abin da ke da haɗari ga yaro mai asma. A ido kuwa, silin kan nutse cikin baƙin ido ya haddasa kumburin da kan ɗauki watanni ana jinya, kuma ba sai gizon ya watsa shi ba: yaro ya taɓa dabbar ko ya share akwatinta, ya murza ido, magana ta ƙare. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, sai suka rama da sauri da zafin rai da dafi mai ƙarfi. Cizonsu kan kawo raɗaɗi mai tsanani, gumi, bugun zuciya, da ɗaurewar nama a ƙafafu da baya da ciki, wadda kan fara sa'o'i bayan cizon ta yi kwanaki tana tafiya tana dawowa. Ba a tabbatar da mutuwar mutum daga dafin tarantula ba, kuma babu allurar karya dafinsa. Amma dafin da ya wahalar da ƙato mai kilo 70, in ya shiga jikin yaro mai kilo 20, aikinsa ya ninka.

A Turai da Amurka kiwonsa a akwatin gilashi ya zama abin yayi. Cinikin ya yi yawa har yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta sa ido kan masu jar gwiwa na Meziko, sannan a 2019 ta ƙara da masu ado na Indiya da Siri Lanka. Hotunan masu ɗora shi a tafin hannu, har a fuska, suna yawo a TikTok, kuma wayar da ke hannun saurayi a Landan ita ce a hannun na Maradun. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne wannan dabba ba ta sabo. Tattabara ta san mai ba ta hatsi, zomo ya san hannun mai shi, gizo-gizo kuwa bai san kowa ba. Hannun da ya shekara yana ciyar da shi da hannun baƙo duk motsi ne a wurinsa. Hali zanen dutse. Yana dai yin gargaɗi: ya ɗaga ƙafafun gaba, ya buɗe fiƙoƙi. Babba kan ja da baya, yaro kuwa bai san wuta ba sai ya taka. Ɗaukar ma cutarwa ce ga dabbar, domin tumbinta ba shi da ƙwari, in ta suɓuce daga tsayin ƙugu tana iya fashewa.

A ƙasar Zamfara haɗarin bai cika zuwa ta akwatin gilashi ba, ta rami yake zuwa. Yara masu tonon gyare, masu farautar gafiya da rani, masu ɗaga duwatsu da tarin kara, su ne ke zura hannu inda ido bai gani ba, karambanin akuya gai da kura. Abin da ya fi jiran su a can kunama ce. Duwu, baƙi ƙato mai manyan hannuwa, ya fi ban tsoro a ido, amma dafinsa mai sauƙi ne, shi ya sa ake fitar da irinsa daga Togo da Gana da Binin ana sayar wa masu kiwo. Ƙaramar mai launin ƙasa, mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya, ita ce ke kashe yara a yankin Sahel, har ta zama abin fargaba duk shekara a ƙasar Agadas. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Wani ƙiyasi na 2008 ya nuna harbin kunama ya haura miliyan 1 a shekara a duniya, mace-mace sun haura 3,000, kuma yara ne suka fi mutuwa. Haka abin yake a cikin gizo-gizo ma: ƙaramin mai ƙullutun tumbi da jan tambari a ƙasansa, wanda ke saƙa a ƙarƙashin kujera da cikin tsohuwar taya a faɗin Afirka, dafinsa ya fi na ƙattan da yawa taɓa jijiya.

In cizo ko harbi ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a ba da farasitamol gwargwadon nauyin yaro. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: tsaga wurin da reza, tsotsa da baki, ɗaure hannu tamau, shafa kananzir ko fetur ko toka, babu wanda ke fitar da dafi, sai dai ya jawo gyambo. Tun da fiƙa kan shiga da datti, ma'aikacin asibiti zai duba ko ana bukatar allurar rigakafin sandarewar jiki. Gashin da ya maƙale a fata ana cire shi da salatif, a manna a ɗaga. Wanda ya shiga ido ba a murza shi. A zuba ruwa mai tsabta da yawa, a rufe idon, a nemi likitan ido ko da zafin ya lafa. Yaron da ya fara gumi, amai, dalalar miyau, karkarwa, kumburin fuska ko numfashi sama-sama, asibiti za a nufa da shi nan take, dare ne ko rana. Ƙaramin yaro da kunama ta harba gara a kai shi tun alamun ba su bayyana ba, kuma in an kashe abin da ya yi ɓarnar, a tafi da shi cikin kwalba ko a ɗauki hotonsa a waya domin likita ya gane irinsa.