Hutun Bazara a Lambun Mangwaro

Idan mutum ya fita birnin Kano ta Kabuga ya miƙa yamma, sai ya wuce Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo ta garin Garo, sa'an nan ya isa Gwarzo. Tafiyar kamar misalin kilomita 70 ce. Da bazara ƙasar nan fayau take, gonaki babu kome sai tushiyar kara, rana kuwa tana dukan ƙasa kamar wuta. Amma can cikin kwari matafiyi yakan hangi wata duhuwa kore shar. Lambuna ke nan, kuma galibin manyan itatuwan da ke cikinsu mangwaro ne.

Abin da ya sa lambu ke zama a kwari shi ne ruwa. A fadama ruwa ba shi da nisa, in an haƙa rijiya kaɗan sai a tarad da shi. Mutanen dā da jigo suke ɗebo shi su yi ban ruwa. Daga baya aka gina madatsun ruwa a wannan yanki, irin su Guzu-Guzu da Magaga da Pada, aka kuma gama babbar madatsar Challawa a ƙasar Karaye cikin 1992. Yanzu inji ne ke jawo ruwa a lambuna da yawa.

Makarantu sukan ba da hutu wajen watan Afrilu, daidai lokacin da mangwaro ke nuna. Saboda haka yara da yawa da ke karatu a birni sukan tafi ƙauye wurin kakanninsu ko kawunnansu, su yi kwanaki suna taya aikin lambu. Yaron da bai taɓa ganin mangwaro ba sai a faifan mai talla, ran da ya fara tsayawa ƙarƙashin itacen ya ɗaga kai, ya ga 'ya'ya sun yi reto ɗari bisa ɗari, yakan zaci abin banza ne, kowa ya zo ya ɗiba. Ba haka ba ne.

Mangwaro ba itacen daji ba ne kamar kanya ko magarya ko aduwa, waɗanda ke fitowa da kansu. Asalinsa ma baƙo ne. Daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta ya fito, inda aka yi shekaru dubbai ana shuka shi, kuma har wa yau babu ƙasar da ta kai Indiya yawan mangwaro. 'Yan kasuwa da matuƙan jiragen ruwa ne suka kawo shi gaɓar Afirka, ya yi ta tafiya hannu da hannu har ya iso ƙasar Hausa. Gwaiba da kashu su ma baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka zo. Duk inda aka ga ɗayansu a lambu, wani ne ya dasa shi, ya yi masa shinge don awaki, ya yi ta ɗaukar masa ruwa rani bayan rani.

Jiran kuwa ba kaɗan ba ne. In ƙwallo aka shuka, sai an yi shekara biyar ko shida, wani ma har takwas, kafin itacen ya fara 'ya'ya. Shi ya sa manoma suka koyi yi masa aure. Watau a yanko ɗan reshe daga itacen da aka san 'ya'yansa da zaƙi, a tsaga kan wani ƙaramin dashe, a soka reshen a ciki, a ɗaure tam har su haɗe su zama abu guda. Mai aure yakan fara haihuwa cikin shekara uku ko huɗu, 'ya'yansa kuma su ɗauko halin itacen da aka yanko reshen daga jikinsa. Shukar ƙwallo kuwa ba kullum take gado ba. Iri-iri ne a kasuwa, kowanne da sunansa: akwai Binta Suga, akwai faparanda, akwai ɗan Kamaru, akwai kuma ƙananan nan masu zare da ke maƙale wa mutum a haƙori.

Da hunturu itacen ke yin fure. Ƙudaje da ƙudan zuma su ne ke yawo daga wannan fure zuwa wancan, suna ɗauke da garin da ke sa ya ƙulla ɗa. A kan tsinke guda akwai furanni ɗaruruwa, amma ɗaya ko biyu ko uku kaɗai ke zama mangwaro, sauran duk su kaɗe. In iskar hunturu ta yi ƙarfi, asarar ta fi haka. Waɗanda suka tsira sai sun yi wata uku ko huɗu kafin su ƙosa. Da sun fara nuna kuma jemagu su zo da dare, tsuntsaye su zo da rana. Mai lambu shekara guda cur yake jiran wannan 'yan makonni, gama da kuɗin ne zai sayi taki kafin ruwa ya sauka. Wani lokaci ma 'ya'yan ba nasa ba ne kuma, don fatake sukan zo tun suna ɗanye su saye na itace sukutum, su bar shi yana yi musu gadi.

To, saboda haka yaro mai hankali ba ya shiga lambu sai da sallama. Yakan tsaya a bakin shinge ya ce, "Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

Mai lambu ya amsa, ya ce, "Yawwa, samari. Daga gidan wa?"

In yaron ya faɗi, ya kuma ce mangwaro yake so, sai a nuna masa itacen da zai taɓa da wanda ba zai taɓa ba. Wanda ya faɗo da kansa, da wuya mai lambu ya hana yaro tsinta, in dai ya tambaya. Wanda ke son cika kwando kuwa sai ya yi ciniki, ko kuma ya taya aiki a sallame shi da rabonsa.

Tsinkar kanta sai an koya. Da sassafe ake yinta, tun rana ba ta yi zafi ba. Ba kowane iri ke yin ja ko rawaya ba in ya nuna, wani kore yake zama har ya ruɓe. Abin da ake dubawa shi ne kafaɗunsa, watau gefen da ke kusa da tsinke. In sun cika sun taso, ya ƙosa. Na ƙasa-ƙasa da hannu ake tsinke shi, a bar masa ɗan guntun tsinke, don in aka fizge shi daga gindi wani farin ruwa mai danƙo yakan tsarto. Ruwan nan yana ɓata fatar mangwaron, yana kuma ƙona leɓe da kumatu, shi ne ke sa a ga bakin yara ya yi ƙuraje a wannan lokaci. Na sama kuwa da maƙata ake jawo shi, wata doguwar gora mai ƙugiya a kai. Mutum ɗaya yana ja, biyu suna riƙe da buhu a shimfiɗe suna tarewa, gama wanda ya bugi ƙasa ya tabu, kwana biyu sai ya ruɓe, ya kuma ruɓar da na kusa da shi cikin kwando.

Jifa ita ce mugun abu. Dutse guda yakan kaɗo ɗanye biyar kafin ya sami nunanne ɗaya, in ya dawo kuma bai san kan kowa ba. Hawa ma sai wanda ya iya. Reshen mangwaro yana da gautsi, yakan karye ba tare da ya yi ƙara ba, ga rina da ke yin gida cikin ganye. Yaro yana can ƙoli, in rina ta harbe shi, sai ya saki hannu. Maɗora sun san watannin nan sarai.

In an gama, a tara 'ya'yan a inuwa, a ware. Nunannu na ci ne yau. Ƙosassu a jera su cikin kwando da ganye, a rufe, bayan 'yan kwanaki su nuna da kansu. Waɗansu masu gaggawa sukan nuka su da kabayid, sinadarin nan na masu walda, amma hukumar NAFDAC ta hana, don yana cutarwa. Irin wannan yakan yi rawaya a waje, ciki kuwa tsami.

Mutane sukan ce mangwaro na kawo zawo. Ɗanye dai yana sa dasashi da murɗar ciki in an cika shi. Amma yawancin laifin na ƙazanta ne, gama lokacin mangwaro lokacin ƙuda ne. In an wanke shi da ruwa mai tsabta, an wanke hannu, abinci ne mai gina jiki. Yana da bitamin A mai taimakon ido, wanda rashinsa ke kawo dundumi, yana kuma da bitamin C.

A Ingila da Amurka akwai gonakin da aka shirya musamman don baƙi. Da hutun makaranta iyaye sukan kai 'ya'yansu, a ba kowa kwando a bakin ƙofa, ya shiga ya tsinki abin da yake so, in ya fito a auna a sikeli ya biya. Manomi ya huta da biyan 'yan ƙwadago, waɗanda ke da tsada ƙwarai a can. A Gwarzo da Kabo ba a kafa allo a ƙofar lambu, zumunci da sallama su ne ke shigar da mutum.

Mangwaro ba shi kaɗai ne rabon masu hutu ba. Da bazarar nan ɗorawa ma takan nuna, yara su sha garinta har bakinsu ya yi rawaya. Wanda ya komo da dogon hutu na damina zai tarad da mangwaro ya wuce, sai gwaiba da ɗinya.

Da la'asar akan ɗaure kwanduna. Waɗansu a kai kasuwannin kusa, irin ta Getso, waɗansu a loda a mota zuwa Kano, inda babbar kasuwar 'Yan Lemo take a Na'ibawa. Yaro kuma in hutu ya ƙare yakan koma gida da nasa ƙunshin, tsarabar iyaye da maƙwabta. Wani yakan ajiye ƙwallon wanda ya fi masa zaƙi, ya ɓare ɓawon, ya binne shi a bayan ɗaki da ruwan fari. Cikin mako biyu ko uku sai tsiro ya fito da ganye ja-ja masu laushi, sai ya nemo ƙaya ya kewaye shi saboda awaki.