Rigakafin korona: Abin da ya sa 'yan Najeriya da dama suka yi ɗari-ɗari da allurar

A ranar 22 ga Disamba, 2021, jami'an Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa da na hukumar NAFDAC sun tsaya a wani juji da ke Gosa a Abuja, suna kallo motar katafila ta bi ta kan wasu kwalaye ta murƙushe su. Abin da ke cikin kwalayen shi ne allurar rigakafin korona samfurin AstraZeneca guda 1,066,214, waɗanda wa'adin amfani da su ya ƙare. A wancan lokaci, waɗanda suka kammala karɓar rigakafin a faɗin ƙasar ba su kai kashi biyar cikin 100 na al'umma ba.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan hoto a matsayin hujjar cewa 'yan Najeriya sun juya wa rigakafin baya. Sai dai shugaban hukumar lafiya a matakin farko na lokacin, Dakta Faisal Shuaib, ya bayyana cewa alluran gudunmawa ce daga ƙasashe masu arziki, kuma sun iso ne saura 'yan makonni su lalace. Wato ko da jama'a sun yi layi, lokacin tantance su da rarraba su zuwa jihohi 36 da Abuja ya yi kaɗan.

Duk da haka, ɗari-ɗarin da aka yi da allurar gaskiya ne. Kuma ba za a fahimce shi ba sai an koma kan yadda talaka ya rayu a shekara guda da ta gabaci zuwan rigakafin.

Shekarar kulle

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Bayan wata guda, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Jihohi suka bi sahu, kowacce da irin nata tsari. Aka rufe makarantu da kasuwanni, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka dakatar da sallar Juma'a da taron coci a wurare da dama.

Ga ma'aikacin da albashinsa ke shiga banki a ƙarshen wata, kulle takura ce kawai. Ga ɗan achaba da mai shayi da ɗan dako da mai tuyar ƙosai, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, zama a gida kwana 14 na nufin tukunya ba za ta hau murhu ba. Irin waɗannan su ne mafi rinjaye a cikin masu neman abinci a ƙasar.

Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Afrilu, a tsakiyar kullen. A garuruwa da yawa ba a yi tafsiri a masallatai ba, ba a yi tarawihi cikin jam'i ba, kuma an soke hawan sallah a Kano. Gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Maniyyatan da suka daɗe suna tara kuɗin kujera ba su sami zuwa aikin Hajji ba a 2020, haka kuma a 2021.

Abubuwa biyu sun fi tsaya wa jama'a a rai. Na farko shi ne yadda aka tilasta bin dokar. A tsakiyar Afrilun 2020, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kullen, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a hukumance zuwa lokacin. Na biyu kuma shi ne kayan tallafi. An yi ta sanarwa a rediyo da talabijin cewa ana rabon abinci, amma gidaje da yawa ba su ga ko ƙwayar shinkafa ba. Da aka zo watan Oktoba, a yamutsin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS, matasa suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da buhuna jibge. Gwamnoni sun kare kansu da cewa an ajiye kayan ne ana jiran kammala shirin rabo, ko kuma don shirin dawowar cutar karo na biyu. Wannan bayani bai shiga kunnen wanda ya kwana da yunwa a watan Afrilu ba.

Saboda haka, lokacin da hukumomi suka dawo bayan wata biyar da allura kyauta, tambayar da aka riƙa ji a majalisu da tashoshin mota ita ce: me ya sa abin da ake bayarwa kyauta har ƙofar gida allura ce, alhali magani na zazzaɓin cizon sauro sai an saya?

Cutar da ba a gani ba

Akwai kuma batun yadda jama'a suka auna haɗarin cutar. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna cewa mutum sama da 266,000 ne aka tabbatar sun kamu, 3,155 kuma suka rasu. Idan aka kwatanta da abin da aka gani a Italiya da Amurka da Indiya, wannan adadi kaɗan ne, ko da yake gwajin da aka yi a Najeriya ma kaɗan ne, kuma ba kowace mutuwa ake rubutawa ba. Mafi yawan 'yan ƙasar matasa ne, cutar kuwa ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini illa.

Da yake sanannun da aka fara jin sun kamu manyan mutane ne masu fita waje, ciki har da shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 2020, sai aka laƙaba mata sunan cutar masu kuɗi. Wasu suka ce mura ce, wasu suka ce hanyar cin kuɗi ce kawai.

Amma a wannan watan ne masu haƙa kabari a Kano suka fara ƙorafin cewa aiki ya yi musu yawa. Daga baya Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce bincike ya gano mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa suna da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne da suka rasu a gida ba tare da an gwada su ba, don haka iyalansu ba su taɓa danganta rashin da annobar ba.

Tsohon tabo

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne aka saka cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba rigakafi ba ne, sai dai a bakin jama'a wannan bambanci ya ɓace. Da sunan Pfizer ya sake fitowa a cikin kamfanonin da suka haɗa rigakafin korona, ba a buƙaci wanda zai tuna wa Kanawa ba.

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an saka masa sinadarin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, bayan an gwada allurar kuma an samo ta daga ƙasar Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara kuma suka shanye.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin halin yanki guda. A Oktoban 2017, jita-jitar cewa sojoji na yi wa yara allurar ƙyandar biri a makarantu ta sa iyaye a jihohin Kudu maso Gabas suka ruga suka kwashe 'ya'yansu daga aji. A lokacin korona ma, an sami manyan limaman coci a Kudu da suka yi wa'azi a kan allurar, kuma gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya fito fili ya nuna shakku a kanta. Jita-jitar WhatsApp ba ta san iyakar jiha ba: an ce allurar na ɗauke da na'urar bin diddigi, an ce tana mayar da damtsen mutum maganaɗisu, an ce wanda ya karɓa zai mutu cikin shekara biyu. Shekarun sun wuce, miliyoyin da suka karɓa suna nan suna harkokinsu.

Tambayoyin da ke da tushe

Ba duk shakku ne jita-jita ba. Mutane sun tambayi yadda aka haɗa rigakafi cikin ƙasa da shekara guda. Amsar ita ce masana sun shafe shekaru suna nazarin dangin wannan ƙwayar cuta tun ɓullar SARS da MERS, an zuba kuɗi masu yawa a lokaci ɗaya, kuma an gudanar da matakan gwaji suna hawa kan juna maimakon a jira ɗaya ya ƙare kafin a nemi kuɗin na gaba. Aikin allurar shi ne ta nuna wa garkuwar jiki kamannin wani ɓangare na ƙwayar cutar, domin idan ta gaske ta shigo jiki ya gane ta da wuri. Zazzaɓi da ciwon damtse na kwana ɗaya ko biyu da wasu suka ji alamar wannan aiki ne.

Lokacin isowar allurar ma bai taimaka ba. Kashin farko, kimanin miliyan 3.9 na AstraZeneca ta hanyar shirin COVAX, ya sauka a Abuja ranar 2 ga Maris, 2021. Wani likita a Asibitin Ƙasa ne ya fara karɓa ranar 5 ga wata, washegari Shugaba Buhari da mataimakinsa Farfesa Yemi Osinbajo suka karɓa a gaban kyamara. Cikin kwanaki kaɗan wasu ƙasashen Turai suka dakatar da wannan samfurin na ɗan lokaci saboda rahoton daskarewar jini. Bincike ya tabbatar da cewa matsalar na faruwa, amma ga mutane ƙalilan ƙwarai, kuma amfanin allurar ya rinjayi haɗarinta. Labarin dakatarwar ya fi na sakamakon binciken saurin yaɗuwa. Daga nan kuma Indiya, inda ake sarrafa allurar, ta tsayar da fitar da ita saboda annobar ta yi mata tsanani, har Najeriya ta tsayar da yi wa sababbin mutane domin a adana wa masu jiran zagaye na biyu.

Abin lura shi ne, wani binciken wayar tarho da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Bankin Duniya a ƙarshen 2020 ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce za su karɓi rigakafin idan ya samu kyauta. Masu ƙi ƙiri-ƙiri ba su ne mafi yawa ba. Mafi yawa su ne waɗanda ba za su bar sana'ar yini guda, su biya kuɗin mota, su je asibiti su yi layi saboda cutar da ba su ga ta kwantar da kowa a unguwarsu ba.

Abin da ya sauya lissafi

Gwamnatin Tarayya ta wajabta wa ma'aikatanta nuna katin rigakafi ko shaidar gwaji daga 1 ga Disamba, 2021, kuma Saudiyya ta sanya rigakafin cikin sharuɗɗan Hajjin 2022. Waɗannan sun tura mutane da dama zuwa asibiti. Amma babban sauyin ya zo ne da aka fitar da allurar daga asibiti aka kai ta kasuwanni da tashoshin mota da harabar masallatai da coci-coci, tare da sa hannun sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Ita ce aka bi da shan inna, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Aikin ya ci rayuka, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Amma a ranar 25 ga Agusta, 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A 2022 kuma, jihohin da hukumar lafiya a matakin farko ta riƙa ambata a sahun gaba wajen rigakafin korona sun haɗa da Nasarawa da Jigawa da Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, takunkumin fuska ya ɓace daga tituna. Sai dai rigakafin yara na yau da kullum yana nan da giɓi babba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF ta nuna cewa yara sama da miliyan biyu a Najeriya ba su taɓa karɓar allurar farko ta jarirai ba. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ta fi kowace jiha shan wahala, kuma yawancin yaran da suka kamu ba su da cikakken rigakafi, alhali allurarta tana nan kyauta shekara da shekaru.

Sababbin allurai kuma na ci gaba da shigowa. A Oktoban 2023 aka fara rigakafin kansar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara tara zuwa 14, tsohon zargin hana haihuwa ya sake tasowa a wasu wurare. A Disamban 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Wannan ba a yinsa sau ɗaya: ana yi wa jariri yana da wata biyar, a sake a wata shida da wata bakwai, sannan uwa ta dawo da shi karo na huɗu idan ya cika wata 15.