Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wutar Lantarki

Abu biyu ake fara aunawa a wutar lantarki: ƙarfin da ke tura ta cikin waya, wato bolt, da yawan wutar da ke kwarara, wato amfiya. A 1827 Bajamushe Georg Ohm ya nuna cewa idan aka raba bolt da amfiya, za a sami turjiyar na'ura, wadda ake aunawa da om. Idan kuwa aka ninka su, sai a sami wat, wato ƙarfin da na'urar ke ci.

Dutsen guga mai jan amfiya 5 a layin bolt 230 yana da turjiyar om 46, yana cin wat 1,150. Shi ya sa ƙaramin janareta mai wat 900 ke shaƙewa da zarar an jona masa wannan dutsen guga, kuma siririyar waya ke yin zafi har ta narke. Wannan lissafi ya cancanci a yi shi kafin sayen janareta.